7,5 na me? Muhawara kan awo da ma'auni a darasin ilimin halittu

Mushe SVT: Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin ilimin halittu (SVT) ne, ina da magana da nake so iyaye da ma'aikatan lafiya su sa baki. Na ba 'yan ajina tambaya: an zana ƙwayar jan jini a takarda, faɗinta a zanen milimetir 15, madubin mikroskop kuma ya ƙara girmanta sau 2000. Mene ne faɗinta na gaskiya? Amsa ita ce mikrometir 7,5 (mikrometir kashi ɗaya ne cikin dubu na milimetir). Aji ya rabu kashi uku. Wasu sun rubuta daidai. Wasu sun rubuta 7,5 tsirara, ba komai tare da ita. Wasu kuma sun rubuta milimetir 7,5. Kashi biyu na ƙarshe duk na ba su sifili a tambayar. Tun jiya iyaye ke kirana suna cewa na cika tsanani, tunda dai lamba ta fito. To ku gaya mini, ta fito ɗin?

Alhaji Mai Hatsi: Wa alaikumus salam. Mushe, ka yi haƙuri, ni ina bayan iyaye. Yaro ya zamna ya yi rabawa, ya hiddo 7,5, lambar da kai ma ita ce rubuce ga takardarka. Don haruffa biyu ɗai ka ɗauke mishi dut wahalarshi? Wanga ba adalci ba ne.

Ɗalibar Tarminal D: Allah ya saka da alheri Baba Alhaji. Ni ba a ajinsa nake ba, amma mu ma haka ake yi mana. Ko rabin maki ai a ba mutum.

Mushe SVT: 'Yata, tsaya ki duba abin da wanda ya rubuta milimetir 7,5 yake faɗi. Cewa yake ƙwayar jini guda ta kai girman ƙwayar wake. Ƙananan jijiyoyin da jini ke ratsawa a jikinki faɗinsu bai fi mikrometir 5 zuwa 10 ba, a jere ƙwayoyin ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗigon jini mai milimetir ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi, akwai su miliyan huɗu zuwa shida. Yaron ya yi kuskure ninki dubu, kuma hankalinsa bai tsaya ya ce kai, wannan ba zai yiwu ba. Rabin makin me zan ba shi?

Ɗan Labo: Mushe, kada ka sassauta. Ni aikina ke nan daga safe har azahar, kuma abin da ya fi kawo mana rigima ba rashin iya lissafi ba ne, lambar da ta zo ba ma'auni ce. Ku ɗauki awon suga. Mu a Nijar giram cikin litir muke rubutawa, irin na Faransa. Mai lafiya da bai karya kumallo ba yana tsakanin 0,70 da 1,10. In ya kai 1,26 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, ana cewa ciwon suga ne. Ka tsallaka Ɗan Isa ka shiga Jibiya ko Katsina, jinin nan dai sai a rubuta maka 126, don miligiram cikin desilitir aka yi amfani da shi. Wata na'urar kuma ta nuna 7, don ita milimol cikin litir take ƙirgawa. 1,26 da 126 da 7, duk mutum ɗaya ne, safiya ɗaya. Ga kuma waƙafi da muke sawa inda su suke sa ɗigo. In mutum ya aiko mini hoton lamba ta waya ya yanke gefen takardar da ke ɗauke da ma'aunin, ba na amsa masa sai ya sake ɗauka.

Direban Maraɗi-Katsina: Wallahi malam ka tuna mini. Na taɓa ɗauko wata Hajiya da ta sayo na'urar awon suga a Kano. Muna jiran takardu a iyaka ta gwada, ta nuna 5,5. Sai salati da kuka, wai a gida ba ta taɓa wuce ɗaya da 'yan kai ba, yau ga biyar da rabi. Har wasiyya ta fara yi wa 'yarta a cikin mota.

Ɗan Labo: Lafiyarta ƙalau. Milimol ne. A ninka da 18 a samu miligiram: 5,5 sau 18, 99 ke nan, wato giram 0,99 a rubutunmu. Amma ka juya abin ka gani. Wanda na'urarsa ke ƙirga giram ta nuna 3, shi kuma ya ɗauka milimol ne, ya ce sugansa ya faɗi ya je ya sha lemu mai zaƙi, alhali yana kan miligiram 300. Wannan shi ke kwantar da mutum.

Majo: Hawan jini ma haka yake. Mu muna cewa 12 da 8, can suna cewa 120 da 80. Su milimetir na zaiba suke ƙirgawa, mu santimetir, shi ke nan bambancin. Wata tsohuwa ta zo mini tana murna, ta ce a Katsina an ce mata ɗari da sittin, nan kuma na ce goma sha shida, ashe jiƙon da aka ba ta ya yi aiki, za ta bar shan ƙwaya. Sai da na zauna na zana mata a ƙasa kafin ta yarda cewa ba abin da ya sauka. Kuma daga 14 da 9 zuwa sama, in ya dawwama, hawan jini ne ko da wane irin ƙirge aka faɗe shi.

Alhaji Mai Hatsi: To na ji na likita, can rai ne. Amma ku 'yan boko kuna magana kamar kahin metir da kilo duniya ba ta awo. Kakana da kamu yake auna sawaye, da gaba ake hwaɗin zurhin rijiya, da dami ake hidda zakka, ɗaya cikin goma. Ni yau shekaruna nawa Kadro, da tiya nike saye da tiya nike saidawa, ba wanda ya taɓa mutuwa.

Manomin Tibiri: Gaskiyarka Alhaji. Tiya idona na ganinta. In an cika na gani, in an danne na gani, in gindinta ya loma ciki na gani. Shi ko sikeli allura ce ke motsi, mai shi ɗai ya san abin da ya yi mata da dare. Ni ban yarda da awon da sai an karanta mini ba.

Malamin Gona: Baba, maganarka tana da nauyi, kuma ba wanda ya ce a jefar da tiya. Sai dai a san me take aunawa. Tiya cika take aunawa, ba nauyi ba. Ta gero wajen kilo biyu da rabi ce, shi ya sa ake cewa buhun kilo 100 tiya 40 ne. Zuba gujiya da ɓawonta a wannan tiyar, nauyin ya sauka sosai. Zuba aya ko riɗi, kowanne da nasa. Geron da aka sussuke yanzu da ɗanyensa da wanda ya yi wata huɗu a rumbu ba ɗaya ba ne. Sannan toron da ake yi a kai, hannun wani ya fi na wani. Dami kuwa ba a magana: na mai dogon hannu da igiya mai tsawo daban, na yaro daban.

A kasuwa duk wannan ba laifi, tunda mai saye da mai sayarwa suna tsaye ido da ido. Matsalar tana zuwa ne in za a kwatanta. A tashar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, in an shuka iri biyu ana son sanin wanda ya fi, dole a auna fili da metir, a busar da hatsin daidai wa daida, a ɗora a sikeli, a ce kilo kaza a hekta. Ta haka ne mai bincike a Sadore kusa da Yamai, ko a Indiya, zai karanta ya gane ba tare da ya taɓa ganin tiyar Maraɗi ba. Irin geron nan Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, abin da aka zaɓe shi dominsa yawan sinadarin ƙarfe ne, kuma miligiram cikin kilo ake auna shi. Wace tiya ce za ta nuna maka wannan?

Manomin Tibiri: Ba ka amsa mini zancen allura ba, ɗana.

Ɗan Jami'a: Bari in karɓa masa, Baba, don tambayarka ita ce ta haifi tsarin gaba ɗaya. Turawa ma kowane gari da kamunsa da mudunsa, ana ta cutar juna. Bayan juyin juya halin Faransa ne suka ce a samo awon da ba na hannun sarki ko na ɗan kasuwa ba. Suka ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, suka kasa shi miliyan goma, kashi ɗaya suka kira shi metir. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniya a Paris. Daga 1889 aka ajiye wani dunƙulen ƙarfe a garin Sèvres, aka ce shi ne kilo, duk sikelin duniya daga gare shi yake samo gaskiyarsa, hannu zuwa hannu. A 1960 aka tsara ma'aunai na bai ɗaya da ake kira SI, waɗanda tushensu bakwai ne yanzu. Shi kansa dunƙulen an lura nauyinsa da na kwafe-kwafensa yana ɗan saɓawa da tafiyar shekaru, shi ya sa a 2019 aka yi masa ritaya aka ɗora kilo a kan lissafin kimiyyar fizik wanda ba ya tsatsa.

Abin da ya shafe ka a nan shi ne sikeli ana iya kama shi da ƙarya. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. A zafin garinmu yakan rage giram huɗu ko biyar, ba abin da sikelin kasuwa zai gani. Ka ɗora gora ba komai ka ga nauyinta, ka zuba ruwa litir ɗaya ka sake ɗorawa. In bambancin bai ba da kilo ɗaya ba, ka ɗauki buhunka ka yi gaba.

Manomin Tibiri: To wanga na ji shi. Ruwa ba a yi mishi dabara.

Inna Ungozoma: Ni fa ina jinku tun ɗazu. Ku bar ni in kawo abin da ya saɓa wa Mushe kaɗan. Igiyar awon damtse da muke koya wa uwaye saboda tamowa, mafi yawansu ba su san baƙi ba, ba su san milimetir ba. Launi uku ne: ja, rawaya, kore. Uwa ta naɗa a hannun ɗanta ta ga ja, ta goya shi ta taho. Wanda ya ga yunwar da yankin nan ya shiga a 2005 ya san darajar wannan 'yar igiya. To ga awo yana ceton rai ba tare da an furta sunan ma'auni ba. Me za ka ce, Mushe?

Mushe SVT: Inna, cewa zan yi wani ne ya ɗauke musu nauyin. Wanda ya buga igiyar ya san inda ja ya ƙare.

Majo: Haka ne. Ƙasa da milimetir 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. Daga 125 kore. Kuma na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59 kaɗai, ba a naɗa wa jariri sabon haihuwa ko ɗan shekara bakwai a ce an samu amsa. Ku duba tazarar: santimetir ɗaya tak ke tsakanin ja da kore. In uwa ta ja igiyar da ƙarfi har ta shiga nama, mai rawaya ya koma ja. In ta bar ta sako-sako, mai ja ya koma rawaya, a bar shi a gida. Wuri ma da ƙa'ida: hannun hagu, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Sannan akwai abin da igiya ba ta gani. Yaro mai kumburi a ƙafafu biyu, wanda in ka danna da yatsa rami ya zauna, ko kore ta nuna a kawo shi.

Ni abin da ya fi damuna cokali ne. An rubuta siro mililitir 5, uwa ta je gida ta ɗauki cokalin da ta samu. Wani na shayi ne, wani na cin shinkafa, mai ɗaukar ninki uku. Parasetamol na yaro da nauyinsa ake bayarwa, miligiram 15 ga kowane kilo, ɗan kilo 10 ke nan miligiram 150. Kuma kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba, sai an karanta miligiram nawa ke cikin mililitir nawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro ma da nauyi ake raba shi. Shi ya sa muke rataya yara a sikeli mai wando suna ta ihu, ba don mugunta ba.

Inna Ungozoma: Da ruwan gishiri da suga na zawo. Ƙunshin da aka yi don litir ɗaya, a litir ɗaya ake zuba shi. Sai ka ga an kaɗa shi a ƙaramin kofi wai don ya yi ƙarfi. Gishirin ya yi wa yaro yawa, a ƙara masa wahala. Ni gora mai litir ɗaya nake nuna musu, in ce ku ajiye irinta. Jariri kuma in an haife shi ƙasa da kilo biyu da rabi muna sa masa ido na musamman, don haka kafin a ɗora shi sai na ga allura tana kan sifili da zanen da aka shimfiɗa.

Ɗalibar Tarminal D: Duk na yarda. Amma Mushe, don Allah a ji namu. Ni tun daga koleji har yau ban taɓa sa idona a mikroskop ba. A allo ake zana mana shi, mu hardace sunayen sassansa. Santimetir na san shi, yana kan regil ɗina. Kilo na san shi, ina sayen suga. Mikrometir fa? Sunansa kawai nake ji. Ta yaya hankalina zai ce mini wannan ba zai yiwu ba, alhali ban taɓa ganin mai yiwuwar ba?

Ɗan Jami'a: Ƙanwata ta faɗi gaskiya. Da yawanmu sai da muka shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo muka fara riƙe pipet, muka koyi cewa ruwa a cikin bututun awo yana lanƙwasa, kuma ƙasan lanƙwasar ake karantawa, ido daidai da layin. Wanda ya leƙa daga sama da wanda ya leƙa daga ƙasa ba za su ba da lamba ɗaya ba. Wannan ba a koyonsa da hadda. Don haka sifilin Mushe, rabinsa na yaro ne, rabinsa na rashin kayan aiki.

Mushe SVT: Rashin kayan aiki gaskiya ne, ni ne a cikinsa kullum. Amma ban yarda ya zama mafaka ba. 'Yata, ga abin da nake yi da 'yan ajina, ki gwada yau. Samo bandir ɗin farar takarda na mai fotokofi, mai ganye 500. Auna kaurinsa da regil, za ki samu wajen santimetir 5, wato milimetir 50. Raba da 500. Ganye ɗaya milimetir 0,1 ne, wato mikrometir 100. Kin auna abin da regil ba ya iya aunawa, da regil ɗin. Yanzu ki raba 100 da 7,5: ƙwayoyin jan jini 13 a jere ne kaurin takardar da ke hannunki. Kuma nan ne iyakar ido, abin da ya gaza wajen milimetir 0,1 ba ya rarrabe shi.

Daga nan matakala ce, kowane mataki ninki dubu. Metir, milimetir, mikrometir, nanometir. Bakteriya ta cikin hanji wajen mikrometir 2 ce. Mikroskop mai aiki da haske yana tsayawa a wajen mikrometir 0,2, ko wane gilashi aka ƙara masa, don iyakar ta hasken ce da kansa. Wani Bajamushe, Ernst Abbe, ya yi lissafinta a 1873. Ƙwayar cutar shan-inna nanometir 30 ce, don haka ba ta ganuwa a irin madubin da ke labo. Sai da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubi mai aiki da elektron a 1931 aka buɗe hanyar ganin irinsu. Ɗalibin da ya riƙe matakalar nan, ko bai taɓa ganin mikroskop ba, ba zai rubuta milimetir ga ƙwayar jini ba.

Ɗan Labo: Ƙanwata, in kin samu ganinsa wata rana, lissafin ƙara girman mai sauƙi ne: lambar gilashin ido sau lambar gilashin ƙasa. 10 sau 40, 400. Na neman zazzaɓin cizon sauro 10 sau 100 ne, 1000, da ɗigon mai a kan gilashin. Muna ɗiga jini mai kauri, ya bushe, mu rina shi da wani launi da ake kira Giemsa. Ba cewa akwai ko babu kaɗai muke yi ba, ƙirgawa muke. Mu ƙirga ƙwayoyin cutar har sai mun ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200, sannan mu ɗauka cewa mikrolitir ɗaya na jini yana da farare 8000. In na ga ƙwayoyin cuta 50, sai in ce 50 sau 8000 a raba da 200, wato 2000 a mikrolitir. Gwajin nan na gaggawa mai layi biyu ba ya ba da wannan lamba, i ko a'a kawai yake cewa. Shi ya sa in ana so a san ko magani yana cin cutar, madubi ake komawa. Kuma a Afirka aka fara ganin ƙwayar: Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, a Kustantin ta Aljeriya, a 1880.

Ɗan Jami'a: Alhaji, ga wanda zai yi maka daɗi. Mutumin da ya fara ganin bakteriya ba likita ba ne, mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wajajen 1676. Da hannunsa yake goge gilasansa. To lokacin ba metir, sai ya riƙa kwatanta girman abin da ya gani da ƙwayar rairayi ko silin gashi. Masanan da suka zo daga baya sun sha fama kafin su gane wane irin rairayi yake nufi.

Alhaji Mai Hatsi: Ka ji ko! Ɗan kasuwa ya gano, 'yan boko suka zo suka sa mishi haruffa. Mushe, shi ma da sihili za ka ba shi?

Mushe SVT: A'a Alhaji, shi ya faɗi ma'auninsa, rairayi ne. Da cikakken maki zai tafi.

Likitan Dabbobi: Na shigo a makare, daga Dakwaro nake bin zancen. Ku ƙara da wannan: ko lamba ta zo da ma'auninta, sai an san ta wace halitta ce. Tarmometir ya nuna 39. A jikin mutum zazzaɓi ne, tunda namu wajen 37 ne. A jikin jar akuyar Maraɗi lafiya ce lau. Kaza kuwa 41 ne nata na yau da kullum. Masu kiwo sun fara sayen tarmometir, abin kirki ne, amma sai su auna rago su ga 39 su hau yi masa allura. Ita allurar ma da ido suke kintatawa. Ibamektin, maganin tsutsa, mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari, mililitir ɗaya ne ga kilo 50. Tunkiya mai kilo 25 rabin mililitir ke nan. Wani ya cika sirinji don yana son ragonsa, wani ya rage don kwalba ta kai masa garke duka. Mai ragewar ya fi yi mana ɓarna, don tsutsar da ba ta mutu ba ita ke haifar waɗanda magani ba ya ci.

Malamin Gona: Taki ma haka. Dabarar nan ta sa ɗan kaɗan a ramin shuka, giram 6 ne na NPK 15-15-15 ko giram 2 na DAP. Giram 6 wajen cikin murfin kwalbar lemu ne, giram 2 tsunkule da yatsu uku. In an shuka gero metir ɗaya tsakanin rami da rami, hekta tana ɗaukar rami 10.000, kilo 60 ke nan na NPK ko kilo 20 na DAP. Wanda ya ɗauki murfi ya cika da DAP ya ninka uku, in ruwa ya yi jinkiri ya ƙone tsiron.

Manomin Tibiri: Tunda kana nan ɗana, hwaɗa mini wani abu. Rediyo kan ce an samu milimetir 20 a Gidan Runji. Milimetir 20 ai bai kai gaɓar yatsa ba. Ƙaƙa ruwan da ya cika gulbi za ya zama gaɓar yatsa?

Malamin Gona: Zurfi ne, Baba, in da ruwan zai tsaya inda ya sauka bai gudu ba bai nutse ba. Milimetir ɗaya litir ɗaya ne a kan fili mai metir ɗaya tsawo metir ɗaya faɗi. Hekta tana da irin wannan fili 10.000. Milimetir 20 a hekta ɗaya litir 200.000 ne, tano dubu mai litir 200. Kai ma kana iya aunawa. Gwangwani mai bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ka ɗora a kan turke a fili nesa da itace da katanga, da safe ka tsoma regil. Bokiti ba ya yi, bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai ƙara maka.

Majo: Mu koma kan yaran Mushe kaɗan. Ni a ganina kashi biyun ba laifinsu ɗaya ba. Wanda ya rubuta milimetir ya yi ƙarya, wanda ya bar lamba tsirara bai gama magana ba ne. A wurin aiki in na ga lamba tsirara zan tsaya in tambaya. In na ga ma'aunin ƙarya an rubuta da kyau, zan iya aiki da shi. Mai lamba tsirara a ba shi wani abu.

Ɗan Labo: Kai za ka tambaya, Majo. Ma'aikacin lafiya mai aikin dare da ke da mutum talatin a layi zai cike gurbin da abin da ya saba gani. Ni duk ɗaya ne a wurina.

Mushe SVT: Sifili yana nan ga duka biyun. Abin da zan yi, ranar Laraba zan shiga da bandir ɗin takarda da gora mai litir ɗaya da igiyar damtse in Inna za ta ara mini, su auna da hannunsu, sannan in sake ba su tambaya irin ta. Wanda ya ci in ɗauki sabon makin.

Inna Ungozoma: Aiko yaro gobe bayan la'asar, ina da guda biyu.

Alhaji Mai Hatsi: Ni ko har yanzu ban yarda tiyata ta gaza kilo biyu da rabi ba, kuma ban yarda ta maƙwabcina ta hi tawa ba. Malamin gona, ka zo Kadro ran Juma'a da sikelinka, a auna gero da wake da aya da riɗi gaban jama'a.

Malamin Gona: Zan zo da hantsi, Alhaji. Kowane iri sau uku za mu auna, kai ka cika ɗaya, yaronka ya cika ɗaya, Baba na Tibiri ya cika ɗaya, mu rubuta duka.

Manomin Tibiri: Ni zan taho da gorar ruwana. Sai sikelin ya ci jarrabawa kahin a ɗora mishi hatsi.

Direban Maraɗi-Katsina: In kun gama ku ajiye lambobin. Zan ɗauko mudu daga Jibiya a gwada shi ma, don can ma cewa suke nasu ya fi cika.